Motar gida idan maigida zai bar ƙasa

Bizarmu ta zuwa Ingila ta fito, ni da maiɗakina da yaranmu huɗu. Digiri na uku zan je yi a Birmingham, kuma irin wannan karatu na bincike yana cikin waɗanda gwamnatin can ta bar wa ɗalibi damar tafiya da iyalinsa, bayan ta rufe wannan ƙofa ga mafi yawan masu digiri na biyu tun Janairun 2024. 'Yan uwa sun yi ta zuwa Allah-sanya-alheri gidana a unguwar Arkilla a Sakkwato. Kowa ya zauna ya sha ruwa ya yi addu'a, kafin ya tashi sai ya yi tambaya guda: "To, motar fa?"

Motar Toyota Sienna ce ƙirar 2006, ruwan toka, mai wurin zama takwas. Sunana ne a takardunta, ni ke zuba mata mai, ni ke kai ta juye. Amma wanda ya san zaman Sakkwato ya san cewa babbar mota a cikin dangi kamar rijiya ce a gidan mutum: shi ya haƙa, amma unguwa duka ke ɗiba, kuma ba a hana kowa. Ita ke kai Inna ganin likita duk wata daga gidanmu na cikin gari. Ita ke ɗaukar matan gida zuwa biki a Wurno, zuwa ta'aziyya a Gwadabawa, zuwa suna a Bodinga. Ranar Sallah sawu biyu take yi zuwa idi. Idan an yi girbi a ƙauye, ita ke dawowa da buhunan gero da albasa har bayanta ya zauna.

Wani dare cikin hunturu maƙwabcina ya buga mini ƙofa, matarsa naƙuda ta zo da gardama. A irin wannan lokaci babu agwagwa, wato keke napep, a titi, kabu-kabu kuma ba ya ɗaukar mai naƙuda. Kujerun bayan Sienna suna nutsewa cikin ƙasan motar su bar fili shimfiɗe. Muka nutsar da su, muka tura na tsakiya gaba, muka shimfiɗa katifar yara da zane. Tsofaffi biyu suka shiga suka riƙe ta, ɗaya da fulas na ruwan zafi a cinya, ɗaya tana ta salati. Yaron da aka haifa a daren nan yanzu yana makarantar allo tare da autana. Da mahaifinsa ya ji zancen tafiyata, bai ce komai a kan mota ba, kunya ta hana shi, amma na ga tambayar a fuskarsa.

Saboda haka da na zauna lissafi sai na ga ashe mota biyu nake nema. Ɗaya a can, wadda za ta ɗauki iyalina. Ɗaya a nan, wadda za ta ci gaba da aikin da Sienna ke yi bayan na tafi. Mutanen da na sani da suka riga ni fita, kusan duk a kan ta farko suka yi tunani. Ta biyun kuwa ita ta hana ni barci.

Wani ɗan uwa ya ce in sa ta a jirgin ruwa in tafi da abata. Wannan bai ɗauke ni dogon tunani ba. Sai an fara kai ta Legas, tafiyar fiye da kilomita dubu, sannan kuɗin jirgi, sannan rajista a can. A Ingila ta hannun hagu ake tuƙi, sitiyarin motocinsu yana dama. Mu ma haka muke kafin 2 ga Afrilun 1972, ranar da Najeriya ta koma hannun dama. Marigayi Baba yakan ba mu labarin yadda direbobi suka yi ta rikicewa a makon farko. Mai sitiyarin hagu a titin Ingila ba ya ganin gabansa da kyau idan zai wuce babbar mota. Ga shi Toyota ba ta sayar da Sienna a can, don kasuwar Amurka ake ƙera ta, a jihar Indiana, ke nan ko ƙaramin abu ya lalace sai an jira shi daga wata ƙasa. Haka kuma motar da zan saya a can ba za ta biyo ni gida ba, domin dokar Najeriya ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama ba.

Wani kuma ya ce in rufe ta da tamfol in ajiye har in dawo. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin motar da ta shekara a tsaye cikin zafin Sakkwato ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Batir ya mutu, tayoyi su tsage, robobin inji su bushe, man da ke tanki ya lalace, ɓeraye su shiga su cinye wayoyi. A unguwarmu akwai irin waɗannan motoci na matafiya, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Dukiya ce ke narkewa, ga mutane na neman abin hawa.

Abin da kowa ya zata zan yi shi ne in miƙa wa ƙanena makulli in ce ga amana nan. Ni ma da farko nan zuciyata ta karkata. Abin da ya tsayar da ni mai ne. Injin Sienna silinda shida gare shi, lita 3.3, tankinta ya kusa lita 80. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, ba na jin nauyin cika shi sosai. Cikin 'yan kwanaki farashi ya kusa ninkawa sau uku, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira dubu. Ni da ke da albashin jami'a sai da na koma zuba rabin tanki, ina lissafa kowane sawu. Ƙanena malamin firamare ne mai mata da 'ya'ya uku. In na bar masa Sienna, na bar masa abin da zai riƙa jin kunya a kai: a zo a ce a kai wance asibiti, shi kuma ba ya da abin zuba mai, ya kasa faɗa. Ƙarshenta ko dai motar ta tsaya, ko ya fara ɗaukar fasinja da ita zuwa Illela don ta ciyar da kanta, ranar da Inna ke bukatarta tana bakin iyaka. Na ga gidajen da mota irin wannan ta raba wa da ƙane, wanda ya tafi yana zargin an kashe masa mota, wanda aka bar wa yana ganin an ɗora masa kaya ba gammo.

Ranar da na je gaya wa Inna shawarar da na yanke, na same ta a tsakar gida bayan la'asar tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ina son in sai da motar nan, in saya muku ƙarama wadda ba ta shan mai." Ba ta ɗago ba. Ta ɗan jima sannan ta ce, "Motag ga ita taɗ ɗauko babanku daga asibiti rad da Allah yay yi mai rasuwa." Na ce haka ne, Inna. A cikinta muka kwantar da shi, ni na tuƙa, Yaya yana baya riƙe da kansa. Ta ce, "To ƙaramar, in dare ya yi, akwai mai tada ta?" Na ce akwai, kuma man wata ba zai yanke ba in sha Allahu. Ta ce, "Shi ke nan. Allah shi yi albarka, shi kai ku lahiya." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da na fito zaure sai da na tsaya na share ido.

Yaya shi bai yarda ba, kuma har yau bai yarda ba. Hujjarsa mai ƙarfi ce, ba zan rage mata komai ba. Ya ce ƙaramar mota mutum biyar take ɗauka, ba a kwantar da majiyyaci a ciki, ba a ɗaukar gawa, ranar biki kuma sai an yi sawu uku ko a ɗauki shata. Duk gaskiya ne. Abin da na ce masa shi ne, "Yaya, biki da rasuwa lokaci-lokaci ne, ana iya ɗaukar shata. Asibitin Inna kowane wata ne. Gara ƙaramar da ke tashi kullum." Ya ce, "Kai dai ka riga ka ƙulla abinka." Muka bar zancen a nan, ba tare da ɓacin rai ba.

Ta can Ingila ta fi sauƙin zaɓe, domin doka ta riga ta yi maka rabin zaɓin. Wani abokin karatuna da ya daɗe a Birmingham da iyalinsa ya zaunar da ni ta waya ya warware mini, na kuma bi shafin gwamnatinsu na tabbatar.

Mu shida ne, kuma a can kowane fasinja sai da kujerarsa da bel ɗinsa. Babu ɗora yaro a cinya, babu "ku matsa ku gyara". Yaro kuma dole ya zauna a kujerar yara ta musamman har sai ya kai shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135. Uku daga cikin nawa ba su kai ba. Ke nan mota mai wurin mutum biyar ta fita daga lissafi tun kafin a fara, sai mai bakwai, kuma wadda layinta na tsakiya ke da faɗin da zai ɗauki kujerun yara a jere.

Irin waɗannan motoci mun san su a nan. Volkswagen Sharan da Ford Galaxy da muke hawa a tasha zuwa Kano da Kaduna, motocin iyali ne na Turai. Na farkonsu ma mota ɗaya ce da suna daban-daban, a masana'anta guda ake haɗa su a Fotugal tun 1995. Yanzu duka biyun an daina ƙera su, amma na hannu suna nan da yawa. Matsalar ita ce mafi yawansu dizal suke sha. Tun Yunin 2021 tsakiyar Birmingham ta zama yankin da ake cajin mota mai hayaƙi fam 8 a kowace rana ta shiga. A Landan fam 12.50 ne, kuma tun Agustan 2023 tsarin ya game birnin duka. Motar dizal ba ta tsira sai ta cika ma'aunin hayaƙi na Turai da ake kira Euro 6, wato galibi daga ƙarshen 2015 zuwa sama, waɗannan kuwa suna da tsada. Motar fetur Euro 4 kawai ake nema gare ta, wato tun daga wajen 2006. Ban da wannan, injin dizal na zamani yana da matatar toka a hanyar salansa wadda ba ta ƙone abin da ta tara sai an yi doguwar tafiya da gudu. Mu kuwa tafiyarmu gajera ce: makarantar yara, masallaci, shagunan halal na Small Heath da Alum Rock. Irin wannan zirga-zirga toshe matatar take yi. Don haka na tsaya a kan fetur.

Wadda na fi karkata gare ta ita ce Toyota Verso mai injin fetur 1.8, atomatik. An daina yin ta a 2018. Ba ta kai Sienna girma ba ko kusa, kujeru biyun baya na yara ne, idan an ɗaga su kuma but ɗin ba ya ɗaukar abin kirki. Na yarda da wannan, domin a can ba buhun gero zan ɗauka ba. Atomatik ɗin kuma saboda maiɗakina ne. Ita ta ce mini, "Malam, ni fa ba zan zauna a ɗaki in jira ka dawo daga makaranta kafin a kai yaro asibiti ba." Da Sienna ta koyi tuƙi, ba ta saba da giyar hannu ba. A can wanda ya ci gwaji da atomatik, atomatik kaɗai lasinsa ya halatta masa, kuma wannan ya ishe mu.

Zancen lasin shi ne wanda na ga mutanenmu suna sakaci da shi. Lasin Najeriya yana aiki wata 12 kacal daga ranar da ka zama mazauni. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasinsu da na Birtaniya kai tsaye, sai ka nemi lasin koyo, ka ci jarrabawar rubutu, ka ci ta tuƙi, layin ta tuƙin kuma yakan ɗauki watanni. Wanda ya bari sai wata na goma sannan ya fara nema, zai wayi gari da mota a ƙofa ba damar tuƙa ta. Sannan inshora. A nan mun saba da takardar naira dubu 15 a shekara da ake nuna wa jami'ai a hanya. A can ana duba shekarunka, unguwar da kake, irin motar, da tarihin tuƙinka a ƙasar, baƙo kuwa ba ya da tarihi, don haka nasa yakan yi tsada ƙwarai. Abokina ya ce in nemi farashin inshorar mota tun kafin in taya ta, kada in sayi abin da ba zan iya hawa ba. Wanda aka kama ba inshora, tarar fam 300 ce da maki shida na laifi a lasinsa, kuma ana iya ƙwace motar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayanin nan shi ne inshorar tana bin sunan direba. Wanda ba a rubuta sunansa ba, ba ka miƙa masa makulli haka kawai don maƙwabcinka ne. Aron mota irin namu babu shi. Na daɗe ina juya wannan. Motar da zan saya a can tawa ce ni da matata, iyakarta ke nan, kuma idan dare ya yi wa wani tsanani lambar 999 yake kira motar asibiti ta zo. A nan Sakkwato maƙwabci ake bugawa ƙofa. Shi ya sa na ƙi bin shawarar masu cewa in sayar da Sienna in canza kuɗin zuwa fam in ƙara a can. A 2024 fam ɗaya ya haura naira dubu biyu. Kuɗin motar duka, in an juya su, abin da za su yi a Birmingham kaɗan ne. A nan kuwa suna iya sayen motar da za ta riƙe gida guda.

Abu ɗaya na tsarinsu ya burge ni. Duk motar da ta wuce shekara uku sai an yi mata gwajin lafiya kowace shekara, wanda suke kira MOT, kuma da lambar mota kaɗai kana iya ganin sakamakon shekarun baya kyauta a intanet: tafiyar da ta yi, abin da ya sa ta faɗi, abin da aka yi gargaɗi a kai. A nan ne ake gane mai tsatsa a ƙasa, domin gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi yana cin ƙarfe. Da muna da irin wannan, da dillalai da masu saye duka sun huta da rantse-rantse.

Tunda ba mu da shi, kanikena na ɗauka muka je ganin motar da za a bar wa Inna. Toyota Corolla muka nema, irin ta 2003 zuwa 2008, mai inji 1.8 da tankin lita 50. Dalilina a fili yake: babu garejin da ba a san ta ba daga nan har Tambuwal, kayan gyaranta suna ko'ina, kuma sarƙa ce ke juya injinta, ba bel irin na Siennata da ake canzawa ba. A halin da hanyoyin gabashin jihar nan suke ciki, motar da za ta ɗauki tsohuwa zuwa ƙauye dole ta zama wadda ba ta tsayawa a daji.

Ta farko da aka nuna mana tana ta ƙyalli. Kaniken bai ko kalli fentin ba. Ya ɗora tafin hannu a kan inji ya ji da ɗumi, ya ce wa dillalin, "Kun tada ta kafin mu zo." Ya ce sai gobe da sassafe, yana son ya ji tashinta da sanyi. Washegari ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa ya shinshina, ya buɗe murfin lagireto ya leƙa, ya sa yaronsa ya taka totur shi kuma ya tsuguna a bayan salansa. Hayaƙi ya fito shuɗi-shuɗi. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Malam, wagga tana shan baƙin mai, mu tai." Wadda muka saya daga baya fentinta ya ƙoƙe a rufi, kujerar direba ta yage a gefe. Ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya bi ƙarfen gindinta yana neman alamar walda, bai samu ba. Ya hau da ita hanyar Kalambaina ya saki sitiyari ya ga ba ta ja gefe, ya dawo ya ce a yi ciniki. Ni kuma na bi takardun kwastan na tabbatar lambar jikin motar ta dace da ta takarda, domin tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, mota mai takardun bogi ta yi yawa a garuruwan da ke kusa da iyaka irin namu.

Sienna wani direban tasha ya saye ta. Kuɗinta sun kusa isa, na cika sauran, na sa sabbin tayoyi huɗu da batir.

Daga nan muka zauna a zauren gidanmu, ni da ƙanena, Yaya da Kawu suna shaida, muka rubuta komai a takarda. Motar ta Inna ce, da sunanta aka yi canjin mallaka. Makulli yana hannun ƙanena, shi kaɗai ke tuƙi, sai ɗan Yaya na fari idan shi ba ya nan. Ba a haya da ita. Zan riƙa turo kuɗin mai da na juye kowane wata, gyara babba kuma kanikena zai kira ni kai tsaye. Tana kwana a gidan Inna, kuma ba a barin tanki ya sauka ƙasa da rabi. Kawu ya ce a ƙara layi ɗaya: duk maƙwabcin da ya buga ƙofa da dare saboda rashin lafiya ko haihuwa, a kai shi, ba sai an nemi izinin kowa ba. Muka ƙara, kowa ya sa hannu. Na ba maƙwabcina na Arkilla lambar ƙanena, na kuma haɗa su suka gaisa.

Makon jiya aka yi rasuwa a dangin Inna a Wurno. Ƙanena ya kai ta da ƙannenta biyu tun da safe, suka dawo kafin la'asar. Sauran matan gida Yaya ya ɗaukar musu shata, ni da shi muka raba kuɗin.